Rumaisa'u Ba Ta Juyo Ba

Shafi na 19

Assalamu alaikum. Na ga saƙonninku duka, har na masu faɗa don na yi kwana huɗu shiru. Wasu sun ce Madam Mas'uda taurin kai gare ta, wasu sun ce Malam Ya'u mugu ne. Ni ban ce komai ba. Ga dai yadda ranar Talatar ta kasance.

*

Ƙarfe tara da ƴan mintoci babur ya tsaya gindin dogon yaron lakwal ɗin Rijiyar Sa'a, wato makarantar bokon garin. Madam Nasiba, konseye mai duba aikin malamai wadda inspekta ya aiko, ta sauko ta kakkaɓe zanenta. Mushe Sadisu, direktan lakwal ɗin (mushe ake ce wa malami namiji a nan), ya taho da sauri.

"Madam, sannu da hanya. A kawo ruwa?"

"Bari sai anjima. Ina ajin ƙananan?"

Ya nuna mata rumfar zana da ke can ƙarshen fili. Nan ne jardan, ajin Madam Mas'uda.

A bakin rumfar, kan benci, Malam Ya'u na zaune tun da safe. Shi ne shugaban kwamitin iyayen yara, shi ne kuma ya kai wasiƙar ƙara mai ɗauke da dangwalen mutum goma sha biyu, wadda ta ce Madam Mas'uda ba karatu take koyarwa ba, wasan ƙasa take sa yara. Ya miƙe suka gaisa. Ya koma ya zauna.

A ciki babu benci ko ɗaya, tabarmi ne. Yara talatin da ɗaya. Jikin zana an jera gwangwanayen tumatir, kowane da tsiron wake da ɗan kara a soke gefensa. A kusurwa akwai kasuwa da aka gina da laka tun ranar da Madam ta kai su suka ga kasuwar Guci: rumfuna, awaki, har da amalanken jaki mai ƙafa ɗaya a karye. Daga sama kuma an rataye ƙananan goruna da tsakuwa a ciki.

Mas'uda ta rusuna ta gaishe ta.

"Ki ci gaba kamar ba na nan," in ji Nasiba. Ta samu gefen tabarma ta zauna, ta buɗe kaye, littafin rubutunta.

Wani yaro, Ammar, ya ɗago gwangwaninsa.

"Madam, nawa ganye shida ne!"

"Ranar Juma'a fa nawa ne?"

"Huɗu."

"To nawa suka ƙaru?"

Ya dubi yatsunsa, ya lanƙwasa, ya miƙe. "Biyu."

Ta sa ya faɗa da faransanci, ya faɗa. Ta ba shi alli ya ja layi biyu a jikin allon da ke jingine da ginshiƙi.

Daga bakin ƙofa Malam Ya'u ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, "Wake. Mu da muke noma shi buhu-buhu, ƴaƴanmu za a koya wa wake a gwangwani."

Nasiba ta rubuta wani abu.

Aikin wannan satin na abubuwa masu ƙara ne. Yaran da kansu suka zuba tsakuwa a goruna suka toshe. Wasan kuwa shi ne a zaunar da ɗaya a tsakiya, a ɗaure masa ido da ɗankwali, wani ya lallaɓa ya kaɗa gora, shi kuma ya nuna inda ƙarar ta fito.

Ikram ta fara, ta ci. Ammar ya yi, ya nuna gabas alhali gora na yamma, aka yi dariya. Wata ta uku ta yi.

Mas'uda ta tafa hannu. "To ya isa. Mu koma kasuwa."

"Madam, saura Rumaisa'u!"

"Jiya ma an tsallake ta!"

Rumaisa'u ƴar Malam Ya'u ce, shekararta biyar da rabi. Tana zaune kusa da gwangwaninta, tana kallon bakunan masu ihun ɗaya bayan ɗaya.

"Lokaci ya tafi," in ji Mas'uda.

"Ki bar ta ta yi," in ji Nasiba, kanta na kan kaye.

Malam Ya'u ya miƙe tsaye.

"Kin gani ko, Madam konseye? Abin da muke faɗa ke nan. A ɗaure wa yara ido kamar masu wasan makafi, wai karatu."

"Malam, an ɗaure wa uku kana zaune," in ji Nasiba.

Kafin ya sake magana yaran sun ja Rumaisa'u tsakiya. Tana murmushi. Ikram ta zagayo ta gabanta, ta nuna mata ɗankwalin, sannan ta ɗaure mata.

Wata yarinya ta je bayanta daf da ƙeya, ta kaɗa gora.

Rumaisa'u ba ta motsa ba. Hannunta na sama, yatsa a miƙe, tana jira.

Aka sake kaɗawa da ƙarfi.

"Rumaisa'u! Nan! Nan!"

Ba ta juyo ba.

Sai Ammar ya tashi, ya ɗauko jarkar ban ruwa wadda babu komai ciki, ya je ta hagunta ya maka ta da ƙasa. Yarinyar ta ɗan zabura. A hankali yatsan ya karkata hagu.

"Ta ci!" in ji Mas'uda, tana kwance ɗankwalin da sauri. "Ta ci. Kowa ya fita shan iska."

Nasiba ta rufe kaye. "Mu je biro."

*

Biron direkta ɗaki ne guda da tebur da kujeru uku. Mas'uda ta tsaya jikin bango. Mushe Sadisu ya tura ƙofa.

Nasiba ta shimfiɗa wasiƙar a kan tebur.

"Malam Ya'u, ina jin ka."

"Magana ɗaya ce. Karatu muka kawo su. Wasa suna yin sa a gida, ba sai an ɗauko ma'aikaciya daga birni ba. Ƙanina yana Babura, ɗansa shekara huɗu, yana jero baƙaƙe daga farko har ƙarshe. Namu kuma su dawo da laka har gwiwa. Iyayensu mata sun gaji da wanki. Ko kaye guda ba a ce mu saya ba."

"Tsarin jardan haka yake. Da wasa ake koya musu."

"Tsarin naku ne. Ƴaƴan kuwa namu ne."

"Gaskiya ne." Ta jawo takardar kusa da idonta. "Ranar goma sha biyu ga wata aka rubuta wannan. Madam tun Oktoba take nan. Wata huɗu ana wannan wasa. Direkta, wa ya ba da gorunan da na gani a rataye?"

Mushe Sadisu ya ɗan yi gyaran murya. "Malam Ya'u ne. Har jarkar ma shi ya bayar."

"To me ya faru ranar goma sha ɗaya?"

Mushe Sadisu ya dubi Malam Ya'u.

Nasiba ta juya wajen Mas'uda. "Madam?"

"Ranar na je gidansa."

"Yin me?"

"Na je wajen Azumi, mahaifiyar Rumaisa'u."

"Sai aka yi yaya?"

"Madam," in ji Malam Ya'u, muryarsa ƙasa-ƙasa, "ki iya bakinki."

Mas'uda ta sunkuyar da kai.

"Ba sai ta faɗa ba," in ji Nasiba. "Shekarata ashirin da biyu ina shiga aji. Na ga abin da na gani. Yarinyar nan ba ta ji. In ma tana ji, kaɗan ne."

"Inna lillahi," in ji Mushe Sadisu. "Ai kuwa bara, a hannun Madam Ladi, da ita ake yin karatu. Ni da kaina na sha leƙawa na gan ta tana yi."

"Bakin na kusa da ita take kallo, Mushe," in ji Mas'uda. "In an jera su ana maimaitawa baki ɗaya, sai ta motsa nata. Yaro talatin na ihu, wa zai gane murya guda ba ta tafiya daidai? Ni ma sai da na yi sati shida ban gane ba."

"A ina kika gane?" in ji Nasiba.

"A wasan kasuwa. Ita ce mai sayar da awaki. In mai saye ya zo ta gabanta, ciniki take yi har da jan rai. In ya kira ta ta baya, sai ya gaji ya kwashi awakin ya tafi ba ta sani ba."

"Kunya ce da ita," in ji Malam Ya'u. "Duk gari an san ta da kunya."

"Malam..."

"Na ce kunya ce!"

Ya bugi teburin. Biƙin rubutun da ke kai ya gangara ya faɗi ƙasa. Ba wanda ya ɗauka.

Nasiba ta jira. Daga waje ana jiyo yaran suna rigima a kan wa zai riƙe jarka.

Malam Ya'u ya cire hularsa, ya dube ta, ya mayar.

"Na sani," ya ce.

Sannan ya ci gaba.

"Bazarar bara waccan ce. Sanƙarau. Kwana goma sha ɗaya muka yi a likita, aka ce ta warke, muka gode wa Allah muka dawo. Bayan sati biyu tire ya suɓuce wa uwarta, ya faɗi a bayanta kan daɓe. Kaji suka watse. Jaririn da ke goye ya tsala ihu. Ita tana zaune tana wasanta da ƙasa. Ina tsakar gidan. Ni da uwar muka dubi juna. Daga ranar ba mu taɓa yin zancen ba, sai da wannan ta zo."

"Shekara biyu ke nan fa," in ji Mushe Sadisu. "Don me, Malam?"

Ya juyo ya dube shi.

"Mushe, shekararka nawa a garin nan?"

"Tara."

"Ka san yayata? Wadda ke ɗibar ruwa a rijiyar gabas?"

"Kurma?"

Yana faɗa ya kama bakinsa.

"Ita. Mene ne sunanta?"

Mushe Sadisu ya dubi tebur.

"Altine," in ji Malam Ya'u. "Sunanta Altine. Shekararta arba'in da biyar. Ko a gidanmu ni kaɗai nake kiran ta da shi, kuma ba ta ma jin na kira. Ina yaro ina ganin yara suna bin ta da ganye a baki suna tsokana, ta bi su da jifa, manya na dariya. Ni ma na taɓa yi mata, sau ɗaya. Tana nan da ranta, ba wanda ya taɓa tambayar ta me take so."

Ya nuna Mas'uda da haɓa.

"Na ce in dai a layi za a jera su a yi ta maimaitawa, tawa za ta shige cikin mutane har ta yi wayo, ta san yadda za ta kare kanta. Sai ga wannan da wasanninta. Kowane yaro sai an fito da shi tsakiya shi kaɗai, ana kallon sa."

"Sauran goma sha ɗayan da suka dangwala fa?" in ji Nasiba.

"Su wanki ne ya dame su, da rashin kaye. Ni na bi su gida-gida na tara su."

Nasiba ba ta rubuta wannan ba.

Mas'uda ta bar jikin bango ta matso.

"Malam, in yi magana?"

Ba ta jira amsarsa ba.

"Kunnen hagu da saura. Ka ga yadda ta ji jarka. In na durƙusa ta hagunta, tana kallon bakina, na yi a hankali, tana kamawa. Duk ajin ba wanda ya kai ta iya auna wake, ba ta taɓa kuskuren kara ba. Amma maganarta tana raguwa. A Oktoba tana cewa gwangwani, tana cewa amalanke. Yanzu nuni take yi. In aka ƙara shekara biyu a haka, abin da ya rage ma zai tafi."

"Ke likita ce?"

"A'a. Shi ya sa na tambaya. A Damagaram akwai masu auna ji. Na gaya wa Azumi in kun yarda zan raka ku ranar da babu lakwal, don ta saba da ni, in aka ce ta yi wani abu ni take kallo."

"Ta gaya mini. Na ce kada ta kuskura ta sake tada zancen."

"Shi ke nan abin da na je yi."

Ya dubi ƙasa.

"Yaran nan," ya ce, "yau sun gani. Kafin la'asar gari ya ɗauka."

"Sun riga ni sani, Malam."

Ya ɗago.

"Ba ka lura da Ammar ba? Ba wanda ya ce masa ya ɗauko jarka. Ikram in za ta yi mata magana sai ta zagayo ta gabanta, ta taɓa kafaɗarta. Tun kafin in gane suke yin haka. Ban taɓa jin ɗayansu ya sa mata wani suna ba. Su a wurinsu haka ake wasa da Rumaisa'u."

"Yanzu ƙanana ne."

"E. Ban ce za su zauna a haka ba. Abin da na gani kawai na faɗa."

Mushe Sadisu ya sunkuya ya ɗauki biƙin da ya faɗi, ya ajiye a kan tebur.

Malam Ya'u ya shafa fuskarsa da hannu biyu.

"Ranar Asabar," ya ce a hankali, "in mutum ya isa Magariya da sassafe, yana samun motar farko ta Damagaram."

"Ana samu," in ji Mas'uda.

"Uwarta za ta je. Ke ma."

"In sha Allahu."

Ya miƙa hannu wajen Nasiba. "Madam konseye, ba ni wasiƙata."

Ba ta miƙa ba.

"Wannan kwafi ce, Malam. Ta ainihin tana biron inspekta."

"To ki gaya musu na janye."

Nasiba ta buɗe jakarta. Ta zaro wata takarda mai hatimi, a ninke biyu. Ta ɗan riƙe ta kafin ta miƙa wa Mas'uda.

"Ba kallon aji kaɗai aka turo ni ba."

Mas'uda ta buɗe. Ta karanta har ƙasa, ta koma sama ta sake karantawa.

"Mene ne?" in ji Mushe Sadisu.

"Canjin wurin aiki," in ji Mas'uda. "Wani ƙauye can yamma da Magariya." Ta dubi Nasiba. "Litinin?"

"Litinin. Tun ranar Alhamis aka sa hannu. Iyaye goma sha biyu da shugabansu a gaba, an ga gara a raba ku tun rigima ba ta yi nisa ba."

"Jardan ɗin fa?" in ji Mushe Sadisu. "Ba ni da wata malama."

"Ka haɗa su da ajin farko kafin a samu."

"Ajin farko yara saba'in da huɗu ne, Madam!"

"Na sani." Ta juya wajen Malam Ya'u. Muryarta ba ta canja ba. "Za su zauna a layi su yi ta maimaitawa. Abin da wasiƙar ta nema ke nan."



Mas'uda ta ninke takardar yadda ta same ta. "Mushe, waken yaran kullum da safe ake ba shi ruwa, rabin moɗa. Ka sa wani ya riƙa tuna musu."

"Tsaya," in ji Malam Ya'u. "Madam konseye, in wanda ya rubuta ya je da ƙafarsa ya ce ba gaskiya ya faɗa ba fa?"

"Inspekta zai tambaye shi dalili."

"In na ce mun sasanta?"

"Ba zai soke hannunsa a kan mun sasanta ba. Sai ka faɗa masa abin da ka faɗa a nan. Kuma ba shi kaɗai ke zama a biron ba, akwai sakatare, akwai masu jiran layi. Wasunsu ƴan kasuwar Guci ne, sun san ka."

"Ke ba za ki iya faɗa masa ba?"

"Zan rubuta abin da na gani a aji, kuma abu mai kyau na gani. Amma rahotona sai ya dawo zai karanta. Ƙarfe ɗaya zai kama hanyar Yamai, taron sati biyu gare shi."

Mushe Sadisu ya dubi agogon bango. "Sha ɗaya da rabi ta wuce."

"Kuma ka san hanyar," in ji Nasiba. "Yashi ce. Ni awa ɗaya da kwata na yi."

Malam Ya'u ya miƙe. Ya laluba aljihun rigarsa na dama, ya laluba na hagu, ya zaro makulli. Ya ja ƙofar ya fita bai yi sallama ba.

Mas'uda ta bi shi har bakin ƙofa.

"Malam, me za ka ce masa?"

Ya ratsa ta cikin yaran ya isa gindin bishiya inda ya jingine babur ɗinsa. Ya tattare riga ya hau.

Ya taka. Babur ɗin ya yi tari ya mutu.

Ya sake takawa.